Farin Zare Kan Farin Ƙyalle



A Ingila ta ƙarni na 18, matan masu hali kan ɗaura wani farin ƙyalle shara-shara a gaban riga, an yi masa aiki da farin zare. Ba na girki ba ne, ado ne zalla, kuma har yau ana adana su a gidajen tarihi. Mu kuwa namu farin aikin a babbar riga ya yi suna: aska biyu, aska takwas, malum-malum. Sai haske ya bugi rigar a kaikaice sannan zanen ya taso.

Amma da aka zo ba da labari, maza aka ambata: malami ya zana, maɗinki ya bi da allura. Barth ya shigo Kano a 1851, ya yaba saƙa da rini. To wa ya kaɗa zaren? Mata ne, da mazari, a tsakar gida. Sai wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shiga aikin rigunan gadan-gadan, har aka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers a 1994.

Abin da suka ɗinka wa kansu kuwa, fatari da zanen gado da rigar matashi, wanki ya cinye. Fatari ma ƙarƙashin zane yake, wa zai kai shi Gidan Makama?

Tsofaffinmu na Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da suka riƙe mazari suna ta ƙarewa. Mu durƙusa mu gaishe su, mu ce, "Hajiya, wa ya koya miki, me ake kiran wannan zanen?" Mu rubuta sunan yadda ta faɗe shi, kafin a raba kayan akwatinta.