Gwamnan Inji: Abin da Ke Sa Ƙaramin Inji Gudu Fiye da Kima

Injin yankan ciyawa da ƙaramin janareta da injin ban-ruwa duk gini ɗaya ne, kuma kowannensu na da na'urar daidaita gudu, wadda makanikai ke kira gwamna. Asalinta tsoho ne: James Watt ya ɗora irinta a kan injin tururi a 1788. Daga shagunan Ƙofar Gayan a birnin Zariya har zuwa ofisoshin gwamnati, ita ke tsare lafiyar inji da kayan lantarkin da aka jona masa.

Yadda take aiki

Sifirin yana jan totur ya buɗe, yayin da wasu ƙananan ƙarafa masu juyawa a cikin inji ke tura hannun gwamna ya rufe shi idan gudu ya ƙaru. Inda ƙarfin biyun ya daidaita, nan gudun inji ke tsayawa. Wutar Nijeriya na kan mita 50 Hz, saboda haka ana son ƙaramin janareta ya juya sau 3,000 a minti. Idan ya zarce, zai iya ƙona firji ko talabijin, ko sandar fistin ta karye ta fasa jikin inji.

Musabbabai

Mafi yawa su ne: an maƙala sifirin a ramin da ba nasa ba ko an sa wanda ya fi ƙarfi, wayar da ta haɗa gwamna da kafireto ta lanƙwashe ko ƙura ta riƙe ta, an matse sukurun sulo da yawa, notin hannun gwamna ya kwance. Hawa da sauka kuwa yawanci alamar datti ne a kafireto, ko iska na shiga ta gasket.

Gyara

A kashe inji, a cire hular fulogi. A tabbatar wayar na motsi ba cikas. A sassauta notin, a tura hannun har totur ya buɗe gaba ɗaya, a juya sandar gwamna ta wannan ɓangaren har ta tsaya, sannan a ɗaure. A daidaita sulo bayan inji ya yi zafi. Idan gudun bai sauka ba, giyar gwamna ta ciki ce ta lalace, sai makaniki ya buɗe injin. Kada a ɗaure totur da waya don ƙarin ƙarfi. Hakan na kashe inji.