Tarihin Hoton CT ta Fuskar Majiyyaci

Tun shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, likitoci suka sami hanyar ganin ƙashi ba tare da an tsaga jiki ba, sai dai ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ɓuya, domin ƙoƙon kai yana tare mafi yawan hasken, naman ƙwaƙwalwa kuma ba ya barin inuwar kirki a hoto. Dabarar da likitan fiɗa Walter Dandy ya ɓullo da ita a Amurka a 1919 ita ce a soka allura a gadon baya, a zuƙe wani kaso na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, a ɗura iska a madadinsa, sannan a riƙa jujjuya majiyyaci har iskar ta shiga kogunan ƙwaƙwalwa. Ciwon kai da aman da ke biyo baya sukan kwantar da mutum kwana da kwanaki, amma da yake babu wata hanya mafi sauƙi, an shafe kusan shekara 50 ana yin haka.

Mafita ta zo ne daga wajen masu lissafi da injiniyoyi. Johann Radon na ƙasar Ostiriya ya nuna a 1917 cewa ana iya gano fasalin cikin abu idan aka auna shi ta kusurwoyi masu yawa, kuma Allan Cormack, wanda matsalar ta fara ɗaukar hankalinsa a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, ya buga nasa lissafin a 1963 da 1964, ko da yake kusan ba wanda ya kula da shi. Wanda ya ƙera na'urar CT shi ne Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI a Ingila, mutumin da ko digiri bai da shi. Tunaninsa shi ne a harba siririn haske ta cikin kai daga ɓangarori daban-daban, a auna abin da ya fito ta ɗaya gefen, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoton jiki yanki-yanki, kamar yadda ake yanka burodi. Na'urar gwajinsa ta farko sai da ta kwana 9 tana auna abu guda, kuma har ƙwaƙwalwar shanu ya riƙa samowa daga mahauta don gwaji.

Ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, likita James Ambrose ya ɗauki hoton wata mata da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma ƙarin ya fito sarai. Majiyyacin wancan zamani yakan cusa kansa cikin hular roba da ruwa ya kewaye, ya kwanta ko motsi babu na kusan minti 5 a kowane zagaye, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon kai, amma bai kama ƙafar ɗurin iska wajen azaba ba. Cormack da Hounsfield sun raba kyautar Nobel a 1979.

Robert Ledley ya ƙera na'ura mai ɗaukar jiki gaba ɗaya a 1974, a 1989 kuma aka fito da wadda ke juyawa ba tsayawa yayin da gadon ke tafiya, har aikin ya koma na daƙiƙoƙi. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ne ya fara samun na'urar a 1987. Majiyyacin yau ana sa shi ya cire sarƙa da 'yan kunne, ya kwanta a gadon da ke ratsawa ta tsakiyar wani babban zobe, ya riƙe numfashi idan an umarce shi. Wani lokaci akan hana shi cin abinci na 'yan sa'o'i, a yi masa allurar wani ruwa mai aidin da ke fito da jijiyoyin jini, wanda kan sa ya ji zafi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ya zaci fitsari ya kuɓuce masa, alhali ba haka ba ne. Saboda ƙoda ce ke fitar da wannan ruwa, akan fara duba lafiyarta, kuma da yake hasken da jiki ke sha ya ninka na eksire na yau da kullum sau da yawa, akan tambayi mace ko tana da juna biyu kafin ta hau gadon.