Murjani

Daga Larabci muka aro kalmar: marjan. Ta zo sau 2 a Suratur Rahman, tare da lu'ulu'u da yaƙutu. Mutane da dama sun ɗauka dutse ne, alhali wasu ƙananan halittun teku ne ke gina shi a ƙarƙashin ruwa. Jan murjani mai daraja kuwa, a da daga Bahar Rum ayarin raƙuma ke ɗauko shi, su ratsa Sahara zuwa Katsina da Kano, fatake su bazu da shi ƙasar Zamfara. Shi ya sa tsofaffin mata ke ajiye shi kamar dukiya, a bar wa 'ya gado. Har suna ya zama: Murjanatu. Yau kuwa, yawancin abin da ake bajewa a kasuwannin Shinkafi da Ƙauran Namoda da sunan murjani roba ce ko gilashi.