Baki Ya Motsa, Murya Tana Hanya

Mun saba ɗora wa manhaja laifi idan muka juya babban fayil ɗin bidiyo don ya shiga waya, sai mu ga jarumi ya rufe baki kafin maganarsa ta iso. Alhali kuwa ciwon ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Tun daga tushe hoto da sauti ba tare aka haife su ba. A 1927, lokacin da kamfanin Warner Bros. ya fitar da The Jazz Singer a Amurka, hoton yana kan zaren fim, sautin kuma yana kan faifan garmaho daban, tsarin da ake kira Vitaphone. Mai kula da majigi ne zai saita allura a kan alama, ya tayar da su tare. Idan zaren ya tsinke aka yanke ɗan guntu wajen liƙewa, shi ke nan, murya ta kauce har ƙarshen wannan faifan. Ba a jima ba aka koma ɗora sautin a gefen zaren kansa, aka kuma tsaya a kan hoto 24 a kowane sakan.

Sai talabijin ta zo da nata lissafin, wanda ya bi wutar lantarki: hoto 30 a Amurka, 25 a Turai. A 1953 Amurkawa suka so shigo da kala ba tare da akwatunan baƙi-da-fari sun zama shara ba. Siginar kalar tana iya karo da ta sauti, don haka injiniyoyi suka rage gudun hoton da kashi ɗaya cikin dubu, 30 ta koma 29.97. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma mu ne muke biyan bashinta. Daga nan 23.976 ta samo asali, wadda ke cikin finafinan Blu-ray da yawa har yau. Wanda ya ɗauke ta a matsayin 24 cif wajen juyawa zai tarar da giɓin sakan 3.6 a kowace awa. A farkon fim ba a lura, a ƙarshensa kuwa kamar fassarar da aka yi da gaggawa.

Ƙasashen da ke bin tsarin PAL, ciki har da Najeriya, hanyarsu ta fi sauƙi kuma ta fi ɓarna: a ƙara wa fim gudu daga 24 zuwa 25, wato kusan kashi 4 cikin 100. Fim na awa biyu sai ya ƙare a minti 115. Shi ya sa idan aka ciro sauti daga tsohon DVD na PAL aka ɗora a kan sabon hoto mai 23.976, murya takan tsere da kimanin minti biyu da rabi a awa.

Sanin wannan tarihi shi ke nuna maganin. Idan giɓin bai canja ba daga farko zuwa ƙarshe, ciwon mai allura ne, an tayar da ɗaya kafin ɗaya. Matsar da sautin kawai za a yi, kuma a VLC na kwamfuta maɓallan J da K suna yin haka da milisakan 50 a kowace dannawa. Idan kuwa giɓin yana ƙaruwa, gadon 1953 ne ko na PAL, matsarwa ba za ta yi ba, sai an miƙa ko an taƙaita sautin daidai da gudun hoton.

Wayoyinmu sun ƙaro na uku. Sukan rage yawan hoto a sakan idan haske ya yi ƙaranci, su ƙara idan ya wadata, manhajar tacewa kuma tana zaton gudun bai canja ba. A nan, kafin a fara yanka, a wuce da fayil ɗin ta HandBrake a zaɓi gudun hoto tsayayye.