Daɓen tsakar gida a Samaru da Sabon Gari

Daɓen tsakar gida shi ne shimfiɗar da ake yi wa filin gida ko ƙarƙashin rumfa don maganin taɓo da ƙura. A Samaru da Sabon Garin Zariya, yanayi ne ke yanke hukunci kan abin da za a shimfiɗa: ruwan damina daga Mayu zuwa Oktoba, sannan bushewar hunturu.

Daɓen gargajiya aikin mata ne. Ana baza tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kama. Yana da sanyi ga ƙafa, sai dai yana son gyara bayan damina, masu iya shi kuma suna raguwa.

Siminti ya fi yawa a yau, amma yakan tsage in an yi rowarsa a kwaɓi. Tayil mai sheƙi santsi gare shi da zarar ya jiƙe. Bulon intalok yana barin ruwa ya nutse, ana kuma iya ɗaga shi a gyara bututu. Katako bai karɓu ba, saboda gara.