Daga Gandu Zuwa Awon Igiya a Ƙasar Gwarzo da Kabo

A shekarun 1960, lokacin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ke nazarin karkarar Kano, abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a ke da yawa, gona ba ta hutawa, amma ƙasa ba ta mutu ba. Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne. Taki ne, da tokar murhu, da sharar gida da jakuna ke kaiwa gona da rani, sai kuma gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da manomi ke bari a tsakiyar gandunsa. Ƙasar Gwarzo da Kabo, a yammacin jihar, haka ta rayu. Ko ginin gida ma yana da nasa tsarin: inda aka haƙi jar ƙasa aka yi tubali, nan ke zama kududdufi, shi ke shanye ruwan damina na unguwa.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun rage wa gona daraja a idon matasa, daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kiran kowa birni. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo wa garin Gwarzo sakatariya da ma'aikata masu neman muhalli. Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da izinin mallakar filayen karkara. A takarda ke nan. A zahiri, cinikin gona bai bar hannun magada da dillali da shaidar mai unguwa ba.

Ƙidayar 2006 ta nuna Gwarzo na da mutum sama da dubu 180, Kabo kuma sama da dubu 150. Ƙara da titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, wanda birni ke bi yana tafowa ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, da kuma babbar makarantar tarayya da aka kafa a Kabo. Duk gonar da ke bakin kwalta ta zama kadara. Idan mai gandu ya rasu, magada goma ba za su ci da kadada ɗaya ba, sai a kira mai igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, kowa ya kama kuɗinsa. Ban ga laifin magajin da ya sayar ba. Wanda ke da iyali da bashi ba a yi masa wa'azin ɗorawa.

Amma dubi abin da awon igiya ke yi. Mai awo riba yake nema, don haka layi ya tsuke, ba a ware hanyar ruwa, burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya shige cikin fuloti. Itatuwa su ne farkon tafiya, a sayar wa masu gawayi da itacen girki. Kududdufi a cike shi da shara a gina. Rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan ruwa, don haka ruwan da gona ke tsotsewa a da yanzu gudu yake, ya ci gindin katanga, ya buɗe kwari. Bulo kuma yashi yake so, tifofi na kwasar sa daga rafuka, gaɓa na zubewa, laka na gangarawa madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada. Ga shadda ana haƙa ta taku kaɗan daga rijiyar maƙwabci.

Doka ta zo, sai dai ba ta hango wannan ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike ga rukunin gidaje mai kadada 50 ko fiye. Wa ke yanka kadada 50 a garuruwan yankin irin su Getso ko Garo? Kadada ɗaya ce yau, biyu gobe, har unguwa ta tashi ba wanda ya tantance komai. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, na dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, yana gyaran ƙasar da ta riga ta lalace ne, kuma cike kwari ya fi hana shi tsada nesa ba kusa ba.

Maganin yana ranar awo, kafin a kafa turke. Kada dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki sai an fitar da layi mai faɗi da magudanar ruwa, an bar kududdufi da burtali da manyan itatuwa a wajen lissafi, fadama kuma a haramta gini a cikinta ɗungurungum. Wannan bai buƙatar rancen waje. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da hakimansu su zauna su mayar da shi ƙa'ida tun kafin wata damina.