Yaran da Aka Mayar Makamai: Daga Kano Zuwa Iyakar Bawku

Tun zamanin fataucin goro akwai zumunci tsakanin Kano da Salaga. Saboda haka abin da ya sami yaran Kano bai kamata ya zama labarin nesa ga mazauna zangon Salaga da Yendi da Bawku ba.

A watan Disamba na 1980 aka yi tarzomar Maitatsine a Kano. Muhammadu Marwa ya tara mabiya a unguwar 'Yan Awaki, da yawansu almajirai ne da samari da suka baro ƙauye, ba su da mai kula da su. Ya ba su abinci da wurin kwana, ya koya musu cewa sauran mutanen gari duk ɓatattu ne. Da rikici ya ɓarke, hukumar bincike ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu.

Bayan shekara talatin da 'yan kai, Boko Haram ta zo da abin da ya fi wannan muni. A watan Yuli na 2014 aka kama yarinya 'yar shekara 10 a Funtuwa, an ɗaura mata bam a jiki. Ran 10 ga Disamba na wannan shekara 'yan mata biyu suka tashi bam a Kantin Kwari. Ta ukunsu, 'yar shekara 13, ta ƙi tayar da nata. Ta gaya wa 'yan sanda cewa mahaifinta ne ya kai ta wurin 'yan ƙungiyar. Hukumar UNICEF ta ce a 2014 yara 4 aka tura irin wannan aiki a ƙasashen Tafkin Chadi, a 2015 kuwa suka kai 44, yawancinsu mata. Ba a ƙasarmu kaɗai ba: a 2004 sojojin Isra'ila sun tsare wani yaro Bafalasɗine sanye da rigar bam kusa da Nablus.

Me ya sa yara? Yaro ba ya jawo zato a ƙofar kasuwa, ga shi da saukin tsoratarwa, kuma yana gaskata babba. Shi ya sa ya kamata mu ɗauke su waɗanda aka zalunta. Mu tuna kuma yawancin waɗanda aka kashe a Kano Musulmi ne, malamansu kuwa sun la'anci wannan aiki.

Arewacin Gana ma ta ɗanɗana yaƙi: na 1994 a yankin Salaga da Yendi, kisan Ya-Na Yakubu Andani a 2002, da rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi. Bawku kuma tana dab da Burkina Faso, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwa, yaron da muka bari da yunwa da ƙiyayya, wani zai ɗauke shi. Sai ikkilisiya da masallaci da iyaye su riga shi.